Ragon da Baba ya kwance a bakin teku

Jama'a, ku ji abin da ya same mu!

Daga Agege muka zo Kwatano ziyara, yau muka fita garin Wida kallon teku. Sai ga farin rago a ɗaure, ruwa har wuyansa. Kun san Baba, mahauci ne. Ya ce, "Wannan ai asara ce!" Ya kwance shi.

Kafin mu ankara, mata masu fararen kaya sun kewaye mu suna kuka! Direbanmu ya ce, "Alhaji, hadaya suka yi wa teku da ragon nan. Wai ku tafi da shi, ruwa zai biyo kayansa."

Inna ta roƙe su, suka ƙi karɓa.

Ga ragon nan a masaukinmu, ya ƙi ciyawa, sai kallon wajen teku yake. Baba kuwa ya ƙi taɓa wuƙa.