Ranar Laraba Ba Ruwa a Layinmu

Shekarun baya, ina sabon lauya, ina ji da kaina kamar ni na rubuta dokar ƙasa, aka ɗaure kawuna shekara guda. Manomin rani ne a wajen Bunkure. Maƙwabcin gonarsa ya kai ƙara cewa wata Laraba kawu ya fasa gefen ƙaramin kanal, wato magudanar ruwan ban gona, da gangan, ruwa ya malale masa irin albasa har ya ruɓe. Alƙali ya gamsu, ya ce ɓarna ce. Ina Kano, ban ji ba sai da aka gama.

Na ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, na karɓo kwafin shari'ar, na tara littattafai. Dalilai bakwai na tsara, kowanne da Turanci mai nauyi. Na je gida ina fassara wa mahaifiyata, ina jiran yabo. Tana tsince shinkafa, ko kallona ba ta yi ba.

"Wace rana suka ce Yaya ya fasa?"

Na ce, "Laraba, Inna."

"To da wane ruwan? Layin gonakinmu Litinin da Alhamis ake sakar masa ruwa. Ni nake dafa wa masu ban ruwa abinci, in ban sani ba wa zai sani? Laraba kanal ɗin nan a bushe yake, har awaki ke kwanciya a ciki."

Kunya ta kama ni. A wannan layin na tashi, amma boko ya mantar da ni. Sai dai akwai matsala: kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake shari'a daga farko, abin da aka rubuta a ƙasa take dubawa. Ba zan iya kai mata Inna da tukunyarta ba.

Na koma kan kwafin, wannan karon a nutse. Sai ga shi a tsakiya. Mai buɗe ruwa, wanda mai ƙara da kansa ya kawo shaida, an tambaye shi aikinsa, ya lissafa ranakun kowane layi. Magatakarda ya rubuta, ba wanda ya waiwaya, har alƙalin.

Ranar zama na ajiye dalilai shida, na riƙe ɗaya. Na ce, "Ya Mai Shari'a, shaidar mai ƙara ce ta nuna ba ruwa a kanal ranar da ake magana, kuma kotun ƙasa ba ta auna ta ba." Lauyan gwamnati ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo. Aka soke hukuncin, aka sallami kawu bayan wata huɗu a tsare. Tumatirinsa na shekarar dai ya tafi, wannan yana yi min ciwo har yau.

Tun daga nan nake gaya wa ƙananan lauyoyi ba tare da shakka ba: ɗaukaka ƙara ba wurin burga ba ne. Ka karanta kwafi layi-layi, ka kuma tambayi mutanen wurin yadda suke aikinsu.

Da na ɗauko kawu daga gidan yari, na zaci zai yi dogon jawabin godiya. Shi kuwa leƙen gonaki kawai yake ta taga har muka wuce Kura. Can ya ce, "Ɗan nan, yau Alhamis ko? Taka motar, kar ruwa ya wuce ni."