Zoben Idon Dama

Baba Zalɓe suke ce masa a wurin aiki, kuma duk wanda ya gan shi ba ya tambayar dalili. Dogo ne, ga wuya, ga siraran ƙafafu, in ya tsaya a bakin tafki yana ƙirga tsuntsaye sai ka rantse dasa shi aka yi. Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a ƙaramin ofishin da ke kula da tafkin. Shi ke riƙe madubin hangen nesa yana faɗa, wani na bayansa yana rubutawa. Marubutan da ya yi aiki da su sun fi goma, wasu sun sami ƙarin girma, wasu sauro ya kore su.

Mutum ne mai ji da idonsa, wannan kam ba a ɓoye take ba. In wani ya ce dinya arba'in, sai ya ce arba'in da uku, akwai uku a bayan ciyawa. A jira kuwa, sai ga ukun sun fito suna rangaji. Ranar ba mai shan iska sai ya ji labarin sau biyar.

To, tun farkon damina idonsa na dama ya fara yi masa dishi-dishi. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Laifin duk sai ya ɗora wa tsohon madubinsa, wai danshi ya shige shi, wai gilashin ya gaji. Ya yi ta mita har shugabar ofishin, wadda suke kira Malama, ta gaji ta sa aka kawo sababbi biyu na gwaji, baƙi da kore. Ta ce a zaɓi wanda ya fi nuna abu tar kafin babbar ƙidayar shekara, saura mako biyu, kuma Baba ne zai zaɓa.

Kai, ranar da ya ji haka ya rasa inda zai sa kansa. Shi da bakinsa ya jawo wa kansa. In sabon madubi ya zo kuma duniya ta ci gaba da yin dishi-dishi, wa zai ɗora wa? Ofis kuwa ba ya tura mai ciwon ido ƙidaya, shi ya fi kowa sani.

Da safen ranar gwajin matarsa ta same shi a tsakar gida ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana kallon igiyar shanya.

"Malam, lafiya? Shayinka ya huce."

"Lafiya lau. Wani abu ne ya faɗa min a ido."

"Abin nan ya daɗe yana faɗa maka," in ji ta, ta ɗauke kofin. Ya zari hularsa ya fita.

Su uku suka je bakin tafki, shi da Malama da direba. Gwajin madubi a wurinsu ba a fara shi da tsuntsu, don tsuntsu ba ya tsayawa a gwada shi. Shafin jarida ake kafawa a jikin turke, a ja baya taku hamsin, a ga wane madubi ne zai karanta ƙananan rubutu. Direba ya kafa jaridar yana zolaya.

"Baba, ka duba min ko an ce za a ƙara albashi."

"In an ƙara ma ba kai za a ba wa ba, mai barci a mota."

Ya yi dariyar dole ya ɗauki baƙin. Ka'idar ita ce ka rufe idon dama, ka murza abin saitin tsakiya har na hagu ya gani garau. Sannan ka rufe na hagu, ka murza ɗan zoben da ke bakin idon dama har shi ma ya daidaita, tunda idon mutum biyu ba su cika zama ɗaya ba. Na hagu bai ba shi kunya ba, har waƙafi ya gani. Da ya koma na dama, jaridar ta zama kamar gilashin tagar kicin da hayaƙi ya dafe. Ya murza zoben. Ya ƙara. Ya yi ta murzawa har zoben ya kai ƙarshe ya cije, rubutun bai fito ba.

Zufa ta keto masa, ga safiya da sanyinta. Ya ajiye baƙin ya ɗauki koren, yana addu'a a zuci ko wannan zai rufa masa asiri. Ina! Shi ma sai da zoben ya cije.

"Baba, yaya?" Malama ta tambaya, biro a hannu.

Sai ya tattara hankalinsa duka ya mayar kan idon hagu, ya juya wajen balbelun da suka sauka a kan tsibiri. Nan kam aikinsa ne.

"Baƙin nan tsakiyarsa ƙal, amma gefensa yana laushi, sannan yana yi wa farin tsuntsu wani shuɗin baki a fiffike. Koren ya ɗan fi nauyi, sai dai tun daga tsakiya har gefe gashi ɗaya-ɗaya kake gani. Koren za mu ɗauka, ranki ya daɗe."

"Shi ya sa na ce sai kai," ta ce tana rubutawa. Baba ya saki numfashi, har ya ji yunwa ta kama shi. "Ba ni in gani," in ji Malama.

Ya miƙa mata. Sai da madubin ya kai fuskarta ya tuna da zoben. A wurinsu ba a miƙa wa wani madubi sai an mayar da zoben kan sifili. Shi ya kafa dokar, kuma ita kanta Malama ta sha faɗansa a kai lokacin tana sabuwa, tana riƙe masa littafi.

Ta duba, ta sauke, ta kalli zoben. Ta ɗauki baƙin, shi ma ta kalli nasa. Baba ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Direba, je ka ciro mana jaridar," ta ce. Sai da ya yi nisa ta sassauta murya. "Baba, tun yaushe?"

"Ƙila sababbin ne zobensu..."

"Baba."

"Tun farkon damina."

"Mama ta sani?"

"Ban faɗa mata ba."

Malama ba ta yi faɗa ba. Wallahi da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"Gobe direba zai kai ka asibitin ido, kai da Mama. In yanar ido ce, cirewa ake yi, na ga waɗanda aka yi wa. Amma ƙidayar bana ba zan sa ka riƙe madubi ba, ka san ba zan iya ba."

"Na hagun lafiyarsa ƙalau, Malama. Kin dai ji abin da na faɗa yanzu."

"Na ji, kuma koren za mu saya. Amma tsuntsu dubu uku daga asuba zuwa azahar, da ido ɗaya? Kai za ka yarda in wani ne?"

Ba zai yarda ba, ya taɓa mayar da wani gida a kan abin da bai kai wannan ba.

Ta mayar da zoben kan sifili, ta saita shi daidai idonta, sannan ta miƙo masa littafin da biron. Ya karɓa da hannu biyu, ya koma bayanta taku ɗaya, inda marubuci ke tsayawa.

"Mu gwada tsibirin nan kafin rana ta yi," ta ce. "Balbela, goma sha huɗu."

Ya ji fiffikensu a sama, wasu suna sauka, wuyansa har ya fara miƙewa da kansa. Ya danne shi, ya matso da littafin kusa da idon hagu, ya rubuta goma sha huɗu.