Balkisu Mai Markaɗe da Sikelin Gas

Balkisu, wadda mutanen Maje suka fi sani da Maman Sadiƙ mai markaɗe, a nan Majen aka haife ta shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, lokacin da in ka tsaya a ƙofar gidansu ba abin da za ka hanga sai dawa da kunyoyin doya har bakin rafi. Gonar mahaifinta yanzu gidaje goma sha huɗu ne masu jan rufi, duk ma'aikatan Abuja ke haya a ciki. Mijinta, Malam Almu, yana noma ɗan abin da ya rage masa can wajen Tafa. Ita kuwa shekararta goma sha biyu ke nan tana zaune a kan benci ɗaya a bayan injin markaɗe, tana tura wake da tattasai da gero cikin bakinsa.

Tana budurwa siririya ce, har ana tsokanarta da sillen kara. Haihuwa huɗu da zaman benci suka sauya ta. Ga kuma alherin masu kawo markaɗe: mai ƙosai ta aiko da na ɗanɗano, mai waina ta aiko, mai kunun zaƙi ta cika mata kofi. Balkisu ba ta iya mayar da hannun kyauta ba.

Abu ɗaya take tsoro a duniya, shi ne ciwon suga. Shi ya ɗauke mahaifiyarta, Inna Rabi. Tushiyar kara ce ta soke ta a ɗan yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, har aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Wata goma sha ɗaya Balkisu na wanke dungulmin da hannunta. Saboda haka da jiri ya kwashe ta a bakin inji mako guda bayan ƙaramar Sallah, aka kai ta asibitin cikin gari, likita ya ce suganta ya zo bakin iyaka, sai ta ji kamar an kira sunanta a layin da ta daɗe da sanin tana ciki.

Ranar Laraba ce, sha bakwai ga Afrilu. Sikeli ya nuna kilo casa'in da huɗu. Likita ya ce ya ba ta wata huɗu ta sauke kilo biyar, in ba haka ba zai ɗora ta a kan magani, wataƙila na har abada. Ya ce ta riƙa zuwa awo sau ɗaya a wata, kowace safiya ta ga dama tsakanin Litinin da Laraba, don ranakun ne ake ganin masu suga da hawan jini.

A nan kuskuren ya shigo, ba wanda ya lura. Balkisu ta shiga Islamiyyar matan aure tana da shekara talatin da takwas, ba ta san ko baƙi ɗaya na Larabci ba. Kullum in ta sallami markaɗen safe sai ta rufe inji ƙarfe tara, ta tafi masallacin unguwa, inda Malama Tayyiba ke koyar da su daga Asabar zuwa Laraba. Cikin shekara uku ba a taɓa kiran sunanta aka ji shiru ba, in ba kwanakin da take fashin salla ba, tunda a cikin masallaci ake karatun. Da ta zauna ta duba, sai ta ga ai ba sai ta rasa darasi ko ɗaya ba. Duk wata tana da safiya shida da ba ta da inda za ta. Ranar da al'adarta ta zo, kashegari sai ta tafi asibiti. Har daɗi ta ji da wannan dabara tata.

Ta kama dokar likita da gaske. Tuwo malmala ɗaya maimakon biyu, shayi ba suga, ƙosan ɗanɗano kuwa yara take miƙa wa. Bayan la'asar ta taka har bakin babban titi ta dawo. Mako biyu abin na tafiya lafiya, har zanenta ya fara neman ƙarin ɗauri.

Sai wata irin yunwa ta taso mata. Ba yunwar wanda bai ci ba ce, don ko yanzu ta tashi daga kwano sai ta ji bakinta na neman wani abu, mai zaƙi ko mai gishiri da mai. Ƙamshin fanke daga tsallaken hanya ya ishe ta ta rasa abin da take yi. Ta daure kwana uku, a na huɗu ta ci fanke biyar a tsaye a bayan inji, ta kora da lemon kwalba, sannan ta zauna tana jin haushin kanta. Ƙafafunta sun yi nauyi, ciki ya kumbura, zobe ya kama yatsa. Duk ta ɗora wa fanken.

Shida ga Mayu ta hau sikelin asibiti. Casa'in da biyar. Ma'aikaciyar jinyar da ke awo, Sista Ugomma, haifaffiyar Suleja ce, Hausa a bakinta kamar ta Zariya. Ta dubi kati, ta dubi Balkisu ta saman tabarau.

"Maman Sadiƙ, ragewa aka ce, ba ƙari ba."

"Wallahi Sista ina ƙoƙari."

"Kowa haka yake ce mini. Sikeli dai ba ya cin hanci."

Matan da ke kan benci suka yi dariya, ita ma ta taya su don kunya. Ta koma gida ta ƙara matse wa kanta, har tuwon dare ta daina. Mako uku cur. Yunwar nan ta sake dawowa, ta sake kayar da ita, wannan karon da soyayyar doya da yaji. Uku ga Yuni sikeli ya ce casa'in da huɗu da rabi. Sista ba ta ma yi magana ba, ta rubuta ta miƙo kati. Shirun ya fi wa Balkisu ciwo.

Da yamma ta zuba tuwo malmala biyu ta ci a gaban Malam Almu.

"A'a, yau kuma dokar ta faɗi?" in ji shi.

"Malam, mako bakwai ina wahala, rabin kilo na ƙaru. Abin a jini yake. Yadda Inna ta tafi haka zan tafi, gara in tafi da ƙoshina."

"Subhanallahi. Daina faɗin haka, Balki."

Babbar Sallah ta zo da soyayyen namanta, Balkisu ba ta hana kanta komai ba. Amma ko tana ci tana tuna warin maganin da take wanke wa Inna ƙafa da shi.

Jikin rumfarta akwai shagon Mojisola, Bayarabiya mai sayar da gas na girki, wadda ke da faffaɗan sikeli na ƙasa da take ɗora tukunyar gas a kai. Kwana huɗu bayan Sallah, da sassafe, ta ga Balkisu na kokawa da zobe, har da sabulu.

"Maman Sadiƙ, me ya faru? Wancan wata kin ce zoben yana faɗuwa."

"Ƙiba ce, Moji. Ta ƙi ni, ta ƙi tafiya."

"Zo ki hau nan mu gani."

"Sikelin gas? Ni tukunya ce?"

"Hau mana, ba kowa. Maza ba su fito ba."

Ta waiga hagu da dama, ta tuɓe takalmi ta hau. Casa'in da huɗu. Mojisola ta yi lissafi da yatsu ta ce, "Babbar tukunya bakwai da rabi. In na sayar da ke na huta wannan wata." Balkisu ta kai mata duka da gefen mayafi, suna dariya. Amma abin ya tsaya mata a rai. Mako biyu tana cin abin da ta ga dama, ga nama, ga mai, kuma nauyinta bai kai na ranar da ta je asibiti da yunwarta ba? Ta faɗa wa Mojisola haka.

"Wace rana kike zuwa asibitin?"

Balkisu ta rage murya. "In ina fashin salla. Lokacin ne ba ni da makaranta."

"Haba! Ni a wannan lokaci ko siket ɗina ba ya shiga. Ruwa ne jiki yake riƙewa. In abin ya wuce sai ki yi ta fitsari, ya tafi."

Balkisu ba ta yarda nan take ba, don ba ta son ta yi wa kanta daɗin baki. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ta gada wurin Inna. Inna ƙwayar masara take jefawa a gwangwani, kowace rana ta fashi ƙwaya ɗaya, don kada lissafin ramuwar azumi ya ɓace mata. Balkisu da ta yi aji huɗu a firamare sai ta mayar da abin kan kalandar masu sayar da taki da ke rataye a bayan ƙofarta, tana zagaye ranakun da jan biro. Ba ta taɓa tsallake wata ba. Yanzu sai ta ƙara abu biyu: kowace safiya, kafin ta karya, ta hau sikelin Mojisola ta rubuta lambar a ƙarƙashin ranar, ranar da yunwar nan ta taso kuma ta sa ɗan ɗigo. Ta koma kan dokar likita, tana cewa a ranta gwaji ne kawai.

Kalandar ta yi magana a hankali. Ɗigon farko ya bayyana kwana shida kafin jan zagaye. Lamba ta hau har casa'in da biyar ranar jajiberin zuwan al'adar, alhali ba ta ƙara ko loma ba. Kwana biyu da yin wanka, takwas ga Yuli, ta ga casa'in da biyu da rabi. Ta sauka ta sake hawa. Mojisola ta ɗora tukunyar da ta san nauyinta don ta nuna mata sikelin lafiyarsa lau.

Ba ta je asibiti a watan ba, ta ce sai ta ga abin ya maimaita kansa. Ya kuwa maimaita. Ɗigo ya dawo a makonsa, lamba ta hau zuwa casa'in da uku da rabi, ta sake gangarowa. Ta daɗe a tsaye gaban kalandar tana tunani. Shekara ashirin da bakwai tana ganin wata, ta san ranar zuwansa kamar sunanta, ta san hukuncin wanka da na ramuwa, amma ba ta taɓa haɗa shi da yunwarta ko nauyin ƙafarta ba. Awon farko an yi shi tana da tsarki, jiki sakayau. Sauran biyun ta kai kanta a ranakun da ta fi kowane lokaci nauyi, aka gwada da na farkon, ta karɓi hukunci ta tafi da shi gida.

Makon yunwa na biyu da ta ɗiga a kalandar ba ta yi faɗa da shi ba. Ta dafa wake da zogale, ta ajiye dafaffiyar gyaɗa da gurji kusa da inji, ta mayar da tuwon darenta. Rana ɗaya ta ci fanke biyu, ta rubuta, ta wuce, ba ta ce komai ya lalace ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mata wuya. In tana son awo na gaskiya, sai ta je asibiti da tsarkinta, ranar makaranta. Bayan darasin Talata ta tsaya har mata suka watse.

"Malama, gobe ba za ki gan ni ba."

"Lafiya, Maman Sadiƙ? Ai kwanan nan kika dawo."

Ta yi mata bayani, tana kallon tabarma. Malama Tayyiba ta yi murmushi ta ce, "Jikin nan ma amana ne. Je ki, zan riƙe miki shafinki. Kuma in kin dawo ki faɗa wa matan nan, don na san ba ke kaɗai ba ce."

Laraba, bakwai ga Agusta, ta shiga ɗakin awo da kalandar a naɗe cikin jaka. Casa'in da ɗaya. Sista Ugomma ta ce ta sauka ta sake hawa, sannan ta ce, "To, wane boka kika samu?"

Balkisu ta warware kalandar a kan tebur. Sista ta bi jan zagayen da yatsa, ta bi lambobin.

"Wato duk zuwan da kike yi, kina cikin al'ada?"

"Rana ta biyu."

"Ni ma ban tambaya ba. Ga shi ni ma mace." Ta cire tabarau. "Wasu kilo ɗaya suke riƙewa, wasu har biyu, wasu ba sa ganin komai. Yunwar ma gaskiya ce, ba son zuciya ba. Ki yi haƙuri da maganar cin hancin nan."

Kilo uku ba biyar ba ne, Balkisu ta san haka tun kafin ta shiga wurin likita. Ya duba sakamakon jininta, ya ce sugan ya ɗan sauka amma bai kai inda yake so ba. Ya ɗauki biro, ta zuba wa hannunsa ido. Sai ya ja katin ya rubuta ƙarin wata biyu, bai taɓa takardar magani ba.

A bakin ƙofa Sista ta tambaye ta ranar da za a sa mata ta dawowa. Balkisu ta buɗe kalanda ta ƙirga da yatsa, ta ce huɗu ga Satumba. Ta kuma ga cewa wajen sha tara ga wannan watan yunwar za ta sake zuwa, don haka da ta sauka daga mota ta biya kasuwa ta auno wake mudu biyu.