Gudun da Na Yi Daga Garu Zuwa Kalmalo

Garu

Tun kafin ladan ya kira assalatu na ɗaure wandona. Wannan abu ya faru ne kafin zuwan Nasara, ina maɗinki a Garu, mutumin da ba ya tashi daga tabarma sai salla ko tuwo. Inna ce ta kwanta ciwo, ta ce a nemo mata yayana Garba. Ranar da ya bi fatake ba da sonta ba, ta ce masa cikin fushi kada ya sake tako gidanta. Yanzu tana so ta janye bakinta, ga shi an ce ayarinsu na zango a bakin tafkin Kalmalo, kuma ranar za su tashi su yi arewa. Ba mu da doki. Maƙwabcinmu Baffa Jaɓɓi, Bafillacen da ya tsufa yana bin sawun shanun da suka ɓace, ya ce zai raka ni.

Amarawa

Muna idar da salla na zura a guje kamar an biyo ni. Tsohon na baya yana ƴar sassarfa, har ina jin haushinsa. Kafin Amarawa cinyoyina suka kama wuta, numfashi ya gagara, na nemi gindin wata tsamiya zan zube.

"Kak ka zamna, Mamman," in ji shi. "Tsami na."

"Tsamin mi, Baffa? Mutuwa ni kai!"

"Wanda ka mutuwa bai da bakin gardama. Taka sannu."

Muna takawa yana yi mini bayani. Wai in ka matsa wa nama fiye da abin da numfashi zai iya biya, sai ya tara tsami, kamar madarar da ta kwana a ƙwarya. Kuma ba guba ba ne. Jini ke kwashe shi, zuciya ta sha nata, hanta ta mai da saura abinci. In ka zube, ka rage wa jini gudu ke nan. Na tambaye shi inda ya karanto wannan, ya ce a ƙafafunsa da na shanu. Ban yarda ba, amma kafin mu fita garin wutar ta lafa.

Illela

Daga nan ya kafa mini doka: in yi gudu ina kiran sunayen ƴan gidanmu da ƙarfi, duk inda numfashi ya yanke mini suna a tsakiya, in sassauta. Haka muka shigo Illela da hantsi, ni ƙato da gemu ina ta "Hajo, Ige, Ɗan Tani", mata masu zuwa rijiya na ta dariya. Mai tsaron ƙofa ya tare mu da mashi.

"Lahiya? Hari anka kawo?"

"Uwatai ta ba lahiya," in ji Baffa.

Ya janye mashin, har ya miƙo mana gorar fura. Na kafa kai, Baffa ya ƙwace bayan kurɓi kaɗan. Wallahi a lokacin na tsane shi, amma ina kallon yadda yake tafiya, ƙafa ba ƙara, kafaɗa a sake, sai na ji ban taɓa ganin gwani irinsa ba.

Kalmalo

Mun tarar da zango fayau, sai toka da kashin jakai. Wani masunci ya nuna mana can ƙetaren tafki, inda jakin ƙarshe na ayarin ke shiga cikin ƙaya.

Baffa ya dafa ni. "To, yanzu na. Bar kiran suna. Ci bashin, jiki ya biya baya."

Na saki ƙafa. Wutar ta dawo, ta hau har ƙugu, bakina ya yi ɗaci, amma na riga na san ba kashe ni za ta yi ba. Na cim ma Garba yana gyara wa jakinsa mangala. Na kama rigarsa, magana ta ƙi fita. Ya dube ni, ni da ya sani ko rijiya ba na zuwa, sai ya ce, "Inna?" Na gyaɗa kai. Ya sauke kayansa ya bar wa madugu.

Gida

Mun iso Garu bayan la'asar, ni a kan jaki, Baffa a ƙasa yana yi mini tsiya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa tsohon nan da ya ƙi ko shiga a yi masa godiya.

Garba ya tsaya a bakin zaure ya kasa wucewa, don maganar da Inna ta yi masa tana nan. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki, siririya.

"Garba na? Shigo. Na yahe. Ka tahi ka dawo, ka tahi ka dawo, gidanku na."

Ya cire takalmi ya shiga.