Jan Tauraron da Ya Hana Inna Layi

A ofis "Sai-an-rubuta" suke kiranta, kuma ba su yi mata ƙarya ba. Aikinta haɗa manhajar waya da kwamfutocin ma'aikatu, amma ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta fara komai sai ta zana akwati biyu a farin allo. Na hagu buƙatar da waya za ta aika, na dama amsar da za ta dawo, kowane gurbi da sunansa, wanda cike shi ya zama dole sai ta ɗiga masa jan tauraro. Har mijinta bai tsira ba. In zai fita cefane sai ta rubuta masa abin da zai tambaya, da abin da zai yi in an ce babu.

To, ita ta tsara buƙatar kama layin likitan ido na wani asibiti: suna, lambar waya, ranar haihuwa, kowanne da jan tauraronsa. Ta sha fankama da aikin nan kuwa.

Ranar da aka buɗe manhajar Innarta ta zo ofis da kanta. Yanar ido ta rufe mata idon dama, likitan sau ɗaya yake zuwa a wata, ga shi saura mutum huɗu layi ya cika.

"Inna, ranar haihuwarki?"

"Oho. Shekarar da ruwa ya ci gadar garinmu dai."

'Yar ta bar gurbin haka ba komai, ta aika. Amsa ta dawo: buƙata ba ta cika ba. Saura mutum uku.

"Ikon Allah!" Inna ta riƙe haɓa. "Ni da na haife ki, na'urarki ce za ta ce ba a haife ni ba?"

Ofis ya kwashe da dariya, ita kuwa 'yar kunya kamar ta nutse. Wani abokin aikinta ya ce ta sa ɗaya ga Janairu kawai a wuce wurin.

"Inna tana da ni," ta ce. "Sauran tsofaffin fa, wa zai ƙirƙira musu ranar?"

Ta kira mai kula da kwamfutar asibitin, suka yarda a ƙara gurbin kimanin shekaru a ɓangarorin biyu, ta goge tauraron ranar haihuwa daga allo da gefen hannunta. Kafin su gama saura mutum ɗaya. Ta sake aikawa. Amsa ta dawo: Laraba, ƙarfe tara.

Likita ya yi aiki, idon Inna dai ya washe. Tun daga ranar, kafin ta ɗiga wa wani gurbi jan tauraro sai ta ɗauki waya ta tambayi Inna ko tana da amsarsa.