Malam Bai Taɓa Ce Masa Makulli Ba

'Ya'yana sun zauna sun yanke cewa in daina tuƙa mota, kuma ban yarda ba. Sun yi zaman ne ranar Lahadin da ta wuce, bayan an watse daga addu'ar cikar mahaifinsu shekara goma sha ɗaya da rasuwa, ko tabarmi ba a naɗe ba. Na san mace irina ba ta kama sunan mijinta, amma jarida ba ta san alkunya ba, don haka zan rubuta shi sau ɗaya tak: Malam Isiyaku na Kurmin Mashi, Allah ya jiƙansa. Daga nan sai dai ku ji Malam.

Akawu ne a wata ma'aikata a Doka har ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi. Ni garwashi, shi ruwan randa. Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba: in ya kafe kan magana, ko jaki ya san da zamansa. Amma shi ne ya kai ni makarantar manya bayan na haura arba'in, ina ta masifa ina cewa me tsohuwa za ta yi da baƙi da wasali. A ajin nan malamarmu ta nuna mana cewa mabuɗi daga buɗe ya fito, makulli kuma daga kulle. Na dawo gida da ɗokina na ce masa ashe ƙarfe ɗaya ne aka raɗa wa suna biyu. Ya ce, "Sai yau kika gane? Hannun da ya riƙe shi ne ke zaɓar masa suna." Sai a lokacin na lura, tun da muke ban taɓa jin ya ce makulli ba. Na ƙofa, na akwati, na mota, duk mabuɗi ne a bakinsa.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, wata rana ya kusa take mai turin ruwa a bakin layinmu. Ya shigo gida, ya kamo hannuna ya saka mini zoben mabuɗansa mai igiyar fata. Ba wanda ya ƙwace masa, ku riƙe wannan. Shi ya auna kansa, shi ya miƙa. Washegari ya kai ni filin makarantar firamare ya zauna a gefena, mutumin da ba ya ganin gabansa sosai yana koya wa matarsa tuƙi. Matan unguwa suka leƙo ta katanga suna dariya, na ce su yi ta yi, haƙoransu ne za su bushe. Tsohuwar motar tana da halinta: sai ka taka mai sau biyu, ka murɗa, ka saurara. Yakan ce, "Hajiya, ba da ƙarfi ba. Ki murɗa kamar kina tashin jariri."

Ba don yawon biki ya koya mini ba. Yana da yaya a Abakpa, Yaya Asabe, makauniya, ba ta da ɗa ko jika. Kowace Juma'a mukan kai mata tuwo da sabulu mu wuni. Yana kwance a ciwon ajali ya ce mini, "Kada Juma'a ta wuce ta." Ba ta wuce ta ba, sai in ni ce a kwance.

Bara ɗana na fari, wanda muke ce wa Abba, ya sayar da tsohuwar motar ya kawo mini wata 'yar Kwatano mai sheƙi. Na gode masa, kuma da zuciya ɗaya na gode. Amma na duba gefen sitiyari ban ga inda zan zura komai ba. Wai ba ta da mabuɗi, sai wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana, rimot, shi ma guda ɗaya ta zo da shi. In yana jikinka, ƙofa ta buɗe da kanta, ka taka birki ka danna maɓalli, ta tashi. Na koya. Wadda ta koyi biyan baƙi da furfura ba maɓalli ne zai gagare ta ba.

Ga abin da ya faru, tun da an riga an yi ta yaɗa shi a dangi yadda aka ga dama. Wata Juma'a Abba ya ɗauki motar ya sha mata mai, ya dawo ya bar ta a kunne, ya ce in sauke shi a ofis. Na sauke shi a Doka, ya fita da rimot a aljihun wandonsa. Motar ta yi ƙara, ta rubuto wani Turanci a gabana. Hausa kam ko da gudu aka rubuta zan karanta, amma Turancina bai wuce na kwalin magani ba, sai na zaci bel take nufi, na ja shi na ƙara ɗaurewa. Ta ci gaba da tafiya lafiya lau har Abakpa. Na tsaya bakin wani shago in sayi sabulu, na kashe. Shi ke nan. Na danna, na danna, ko tari ba ta yi ba. Ga layi siriri, ga masu tafiya masallaci, ga masu Keke suna ta hon. Wani ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina makullin?" Na zazzage jakata a kan kujera a gaban jama'a kamar wadda aka kama da kayan sata.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya tafi da rimot bai yi mantuwa ba, ni da aka bari a titi ni ce na tsufa. Abin da aka kawo ke nan ranar Lahadi. Hadiza, autata, tana matsa mini ƙafa tana cewa, "Umma, don lafiyarki ne fa." Abba kuwa ya ce ya riga ya ɗauki direba, wani dattijo Malam Tanimu, kuma rimot zai riƙa zama a hannun direban. Na ce, "To in ya yi zazzaɓi ranar Juma'a fa?" Aka ce sai a jira wata Juma'ar. Su a wurinsu Yaya Asabe aike ce da ake iya ɗagawa.

Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in tsaya ina kallon motar. Tambayar da ke cina ita ce, da Malam zai ɗago ya ga zamanin nan, me zai ce? Ba zai zagi motar ba, na san shi. Mai son sabon abu ne, da sai ya wuni yana danna maɓallin nan yana murmushi. Amma ina jin zai tambaya: wace irin mota ce wannan da ba ta san hannun mai ita ba, sai aljihun da ya fi kusa? Tsohon mabuɗi ba ya yaudara. In babu shi ba ka motsa ba, tun a ƙofar gidanka za ka san matsayinka. Wannan kuwa sai ta bar ka ka yi nisa kana jin kai ne mai iko, alhali ikon ya sauka a Doka. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba na ce ba zan tsufa ba. Na je an auna idona watan jiya, an canza mini gilashi, likita ya ce in ci gaba. Ranar da ya ce in tsaya, ko na ji a jikina, ni da kaina zan kira Abba in kamo hannunsa, kamar yadda ubansa ya yi mini. Abin da Malam ya bari ke nan, ba gida ba, ba mota ba: cewa mabuɗi miƙa shi ake yi. In aka ƙwace, ya zama makulli.

Ranar Litinin da hantsi Malam Tanimu ya yi sallama. Muka gaisa, na miƙa masa tafin hannuna. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya zaro rimot ya ajiye. Na ɗauko zoben Malam, wanda har yau ɗaya daga cikin mabuɗan tsohuwar motar ke jikinsa, na zura rimot ɗin a gefensa. Na ce, "Aikinka na nan, Malam Tanimu. Zagaya ka zauna can. Duk Turancin da ta rubuto ka fassara mini, sai na haddace shi." Na tuƙa mu har Abakpa.

Na shiga zauren Yaya Asabe zoben Malam yana kacau-kacau a hannuna. Ban kai ga yin sallama ba na ji ta daga ɗaki ta kira sunan ƙanenta.