Abin da muka gani a maƙogwaron Hajiya

Wata rana, a asibitin da nake aikin jinya a ɗakin tiyata, aka kawo wata dattijuwa za a yi mata aikin ciki. Ba zan faɗi sunanta ba.

Mijin 'yarta ne ya kawo ta. Mutumin kirki. Yana tsaye a gefen gado da jakarta a hannu lokacin da likitan allurar barci ya zo yi mata tambayoyi.

Akwai haƙori mai girgiɗi? Babu. Akwai na roba da ake cirewa? Ta girgiza kai. Da aka ce ta buɗe baki, ta ɗan buɗe a bayan mayafi, ta yi maza ta rufe.

Ga wanda bai sani ba: idan aka sa mutum barcin tiyata, ba ya iya numfashi da kansa. Sai an zura masa bututu ta maƙogwaro. Muna da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙaramar kyamara a bakinsa, shi ke bin bayan harshe ya nuna mana hanyar iska a allo.

Washegari Hajiya ta yi barci. Likita ya zura ƙarfen. Na ɗaga kai na dubi allo.



Haƙora biyu ne, jere a kan dasashin roba, kwance daidai ƙofar hanyar iska.

Sun zame ne lokacin da muke ba ta iska ta abin rufe hanci da baki. Da an tura bututun ba a gan su ba, da su za a tura ciki.

Na'urar da ke auna iskar jininta ta fara sauke murya. Likita ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba, na sa masa dogon hantsaki. Karo na farko suka suɓuce. A karo na biyu ya fito da su, ya ajiye a faranti, ƙwal.

Aka zura bututun, aka gama aikin.

Da ta farfaɗo sosai, na kai mata su a naɗe cikin auduga. Mu kaɗai ne.

Na ce, "Hajiya, an tambaye ki fa. Saura kaɗan su toshe miki numfashi."

Ta karɓa, ta juya ga bango ta mayar da su, sannan ta dube ni.

"'Yar nan, baban su Ummi na tsaye a kaina. A gaban surukina zan ce bakina wawulo ne? Ko marigayi maigidana bai taɓa gani ba."



Sai ta riƙo gefen rigata, ta rage murya: "Ba ku dai gaya masa ba ko?"

Darasi: Kunya tarbiyya ce, amma a bar ta a ƙofar ɗakin likita. Kai kuma mai rakiya, ɗa ne kai ko suruki, idan an fara yi wa babba tambayoyi, ka ba da wuri ba sai an ce maka ba. Akwai amsar da ba za ta fito ba muddin kana tsaye.

A tura wa duk mai raka iyaye asibiti.